Yadda Gwanayen Sojoji Ke Gane Hanya a Daji da Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Kwaikwaye Su: Tambayoyi da Amsoshi

Tunda ga GPS a kowace waya, me ya sa har yanzu ake wahalar da soja da taswira da kamfas?

Saboda saƙon da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam mai rauni ne ƙwarai, ƙaramar na'urar toshe saƙo ta isa ta danne shi. Abin da ya fi toshewa muni shi ne saƙon ƙarya: abokin gaba ya aiko da sigina mai kama da ta gaskiya, na'ura ta nuna wa mutum wani wuri dabam, shi kuwa ya yarda. Ga mutuwar batir, ga kurmi mai duhu da kwazazzabo mai zurfi inda sama ba ta samuwa sosai. Sannan wayar hannu tana neman turken sadarwa a kai a kai, wato tana tona asirin inda mai ita yake. Shi ya sa zaɓen sojojin musamman na Amurka a Camp Mackall da ke jihar North Carolina, da na Birtaniya a tsaunukan Brecon Beacons na yankin Wales, duk suke jarraba mutum shi kaɗai, da kaya a baya, da taswira da kamfas kawai.

Mene ne ainihin abin da gwani ke yi wanda kurtu ba ya yi?

Kurtu yakan yi tafiya, sai ya tsaya ya tambayi kansa, ina nake? Gwani tun kafin ya ɗaga ƙafa ya riga ya faɗa wa kansa abin da zai gani: bayan mita 300 ƙasa za ta fara gangara ta hannun hagu, a mita 700 zan tsallaka busasshiyar ƙorama, daga nan hawa ne har doron tudu. Yana tafe yana jiran waɗannan alamu ɗaya bayan ɗaya. In ƙoramar ta zo a mita 500, ko ƙasa ta gangara dama maimakon hagu, nan take ya san akwai matsala, alhali kuskuren bai wuce na mita ɗari biyu ba. Kurtu ba zai farga ba sai ya ci kilomita biyu.

Na biyu, gwani ba ya dogara da shaida ɗaya. Kamfas na iya karkacewa, ƙirgen taku na iya zamewa, taswira na iya tsufa, ido na iya ruɗuwa. Yakan haɗa su ne, ya san wanda zai fi gaskatawa a kowane hali. A fili mai shimfiɗe da dare, kamfas da taku ne gaba. A ƙasa mai tudu da kwari da rana tsaka, siffar ƙasa ce gaba, kamfas sai dai a leƙa shi jefi-jefi.

Yaya ake karanta lambobin da ke jikin taswirar soja?

Taswirar da sojan ƙasa ya fi riƙewa ita ce mai ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 a takarda ke daidai da kilomita 1 a ƙasa. An raba ta gida-gida, kowane gida kilomita ɗaya ne tsawo da faɗi. Ƙa'idar karatu ba ta canzawa: a fara zuwa dama, sannan a hau sama. Lambobi huɗu a jere suna nuna gidan kilomita ɗaya, lambobi shida su rage shi zuwa mita 100, takwas zuwa mita 10, goma zuwa mita 1. Mai tafiya a ƙasa da fensir da ma'aunin roba ba ya iya wuce lambobi takwas da gaskiya, domin mita 10 a irin wannan taswira kashi ɗaya ne cikin biyar na milimita, bakin fensir ma ya fi shi kauri.

Layukan tsayi, waɗannan masu launin ƙasa-ƙasa da ke kewaya juna, su ne zuciyar taswira. In sun matsu da juna, gangara mai tsanani ce. In sun ware, ƙasa ta kwanta. Inda suka yi tsini suna nuna sama, ruwa ke bi ta nan. Inda suka yi kumburi suna nuna ƙasa, hancin tudu ne. Hanya na iya mutuwa, gona ta koma daji, ƙauye ya tashi, amma tudu da kwari suna nan inda aka zana su.

Akwai tarko guda da ke kama har waɗanda suka daɗe a aiki. Kowace taswira an gina ta bisa wani tushen awo. GPS yana aiki da tushen awo mai suna WGS 84, tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa an gina su bisa tushen awo na Minna, da yawansu ma tsayinsu da ƙafa aka rubuta, ba da mita ba. Wanda ya ɗauki lamba daga na'ura ya ɗora a irin wannan taswira ba tare da ya sauya saiti ba, zai iya samun kansa gommai na mita, wani lokaci sama da ɗari, nesa da inda yake zato. A gefen taswira ake rubuta wannan bayani, kuma nan ne wurin da mutane ba sa karantawa.

Me ake nufi da cewa arewa uku ce?

Akwai arewa ta gaskiya, inda ƙarshen duniya yake. Akwai arewar layukan taswira. Akwai kuma arewar maganaɗisu, wadda allurar kamfas ke nunawa, ita kuwa tana matsawa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Tazarar da ke tsakanin ta biyu da ta uku ita ake gyarawa duk lokacin da aka ɗauko kusurwa daga taswira za a sa a kamfas. A Najeriya da Nijar tazarar ƙarama ce, digiri ɗaya ko biyu, shi ya sa wasu ke sakaci da ita. A jihar Washington ta Amurka ta kai kusan digiri 15 ta gabas. A can, wanda ya auna digiri 80 a taswira zai bi 65 a kamfas. In ya manta, a kowane kilomita zai kauce da kusan mita 270. In kuma ya ƙara maimakon ya rage, ya ninka kuskuren.

Lissafin da ya kamata kowa ya haddace: kuskuren digiri ɗaya yana kautar da mutum kimanin mita 18 a kowane kilomita. Digiri uku a tafiyar kilomita biyu ya haura mita ɗari, kuma a sunƙuru mita ɗari ta isa mutum ya wuce abin da yake nema bai gan shi ba. Sojojin NATO sun fi aiki da wani ma'aunin kusurwa da ake kira mil (ba mil na nisa ba), inda da'ira ke da mil 6,400 maimakon digiri 360, saboda mil ɗaya kusan mita ɗaya ce a nisan kilomita ɗaya, abin da ke sauƙaƙa wa masu harba igwa lissafi.

Ƙarfe kuma yana jan allura. Littafin koyarwa na sojan Amurka ya ba da tazarar da za a bari kafin a karanta kamfas: mita 55 daga manyan wayoyin lantarki, mita 18 daga babbar mota ko tanka ko igwa, mita 10 daga waya mai ƙaya, mita 2 daga bindiga mai sarrafa kanta, rabin mita daga hular kwano ko ƙaramar bindiga.

Yaya ake auna nisa da ƙafa?

A auna mita 100 daidai a ƙasa, a bi ta sau da yawa da irin kayan da za a ɗauka, ana ƙirga duk saukar ƙafar hagu kaɗai. Yawancin mutane sukan samu tsakanin 60 da 70. Wannan lamba ta fili ce da rana. Hawa yana gajarta taku, haka yashi, laka, duhu, iska mai bugowa ta gaba da gajiya, don haka wanda ke yin 64 a fili zai iya buƙatar 75 ko fiye a kan tudu da dare. Gwani yana da lambobi uku ko huɗu a kansa, kuma duk inda ya tsallaka wata alama da ya tabbatar a taswira, sai ya duba ko ƙirgensa ya yi gaba ko ya yi baya, ya gyara na zangon da ke tafe.

Don kada lissafi ya ɓace, ana rataya igiya mai duwatsu kamar carbi: tara a ƙasa, huɗu a sama. Kowace mita 100 a ja ɗaya daga na ƙasa. A ta goma a mayar da taran, a ja ɗaya na sama, kilomita ta cika ke nan. A sintiri akan ba mutum biyu aikin ƙirge a raba bambancinsu, a ba wani dabam kamfas, domin jagora ya samu sukunin kallon ƙasa.

Waɗanne dabaru ne ke rage dogaro da kamfas?

A ɗauki misali. Ana neman wata ƙaramar gada a kan rafin da ya miƙe gabas da yamma, kilomita ɗaya da rabi daga inda ake. Wanda ya saita gadar kai tsaye, in ya isa rafi bai gan ta ba, bai san ko dama zai bi ko hagu ba. Gwani sai ya kauce da gangan, ya ƙara digiri 10 ta dama. Zai faɗa rafin kimanin mita 260 daga gadar, amma ya san tabbas hagu zai juya.

Rafin nan da zai bi gefensa har gada shi ne abin dafawa: duk wani abu mai tsawo da ke tafiya tare da kai, ko hanya, ko layin wuta, ko doron tudu. A fagen fama ba a hawa kansa, saboda nan ake kwanton ɓauna da binne nakiya. Ana binsa ne daga nesa ana hangensa. Sai kuma shinge na baya, wato wata alama da ba za a iya tsallakewa ba a sani ba, wadda ke bayan wurin da ake nema. In ka kai ta, ka wuce, sai ka dawo. Na ƙarshe shi ne mafarin kusanta: wani wuri bayyananne, kamar mahaɗar ƙoramu biyu, da bai fi 'yan ɗaruruwan mita daga abin nema ba. Daga nan ne kaɗai ake yin awon kamfas da taku na tsanaki. Doguwar tafiya a yi ta da sauri bisa siffar ƙasa, gajeren zangon ƙarshe a yi shi da natsuwa.

In fadama ko tafki ya tare hanya, a juya digiri 90 a ƙirga taku, a koma kan kusurwar asali har a wuce shi, a sake juyawa digiri 90 ta ɗaya gefen da adadin takun farko. Takun gefe ba sa shiga lissafin nisa.

Da gaske ne wanda ya yi makuwa yakan dinga zagaye wuri ɗaya?

Gaskiya ne, an kuma gwada. A 2009 Jan Souman da abokan aikinsa na cibiyar Max Planck da ke Tübingen a Jamus sun sa mutane tafiya ta sa'o'i a dajin Bienwald da kuma Sahara ta Tunisiya, suna bin sawunsu da GPS. Waɗanda ke ganin rana sun miƙe sosai. Da gajimare ya rufe ta, na cikin daji suka riƙa komowa kan sawunsu ba su sani ba. Waɗanda aka ɗaure wa ido a fili sun yi da'irar da wani lokaci faɗinta bai wuce mita 20 ba. Ba tsawon ƙafa ɗaya a kan ɗaya ne sanadi ba, kamar yadda aka daɗe ana faɗa, domin mutum guda yakan karkata dama yanzu, an jima hagu. Ƙananan kurakurai ne ke taruwa in babu abin da zai gyara su daga waje.

Ga soja mai taswira, ɗimuwa ta fi zuwa ta wata ƙofa: tilasta wa ƙasa ta yi daidai da takarda. Ya ga tudu ɗaya inda taswira ta nuna biyu, sai ya ce ai ɗayan ƙarami ne shi ya sa bai fito ba. Ya tsallaka ƙoramar da babu ita a hanyarsa, sai ya ce taswirar ce ta tsufa. Haka zai yi ta ba kansa uzuri yana nisa. Mafi yawa abin da ya faru shi ne ya shiga kwarin da ke maƙwabtaka da wanda yake nufi, masu kama da juna kuma masu tafiya gefe da gefe.

In an tabbatar an ɓata, me ake yi?

A tsaya. A tuna wuri na ƙarshe da aka tabbatar, a lissafa nisan da aka yi daga nan, a zana da'ira mai wannan faɗi: ana cikinta. In akwai abubuwa biyu da ake hange kuma an gane su a taswira, kamar ƙololuwar dutse da hasumiyar sadarwa, a auna kusurwar kowanne, a mayar da ita ta taswira, a juya ta baya (ƙasa da 180 a ƙara 180, sama da haka a rage 180), a ja layi daga kowanne. Inda suka haɗu nan ake. Zai fi kyau tazarar abubuwan biyu ta kusanci digiri 90. In sun yi kusa da juna, ƙaramin kuskure zai ja mahaɗar nesa. Abu na uku yana tabbatarwa. In ba a hangen komai, a nufi wani dogon abu da ba zai kuɓuce ba, babbar hanya ko kogi, a sake farawa daga can.

Da dare fa, ko a hamada?

Tsayin tauraron arewa daga bakin sama, in an auna da digiri, daidai yake da nisan wuri daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. A Kano digiri 12 ne kawai, don haka bishiyoyi da hazon hunturu sukan ɓoye shi. Wanda ya saita wani tauraro dabam ya tuna sama tana juyawa digiri 15 a sa'a, sai ya riƙa sake duba kamfas bayan kowane minti goma zuwa sha biyar.

A hamadar Libiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sintirin nesa da Ralph Bagnold ya kafa a Masar a 1940 ta yi aiki da kamfas na rana, domin ƙarfen mota yana ruɗa na maganaɗisu. Sanda ce siririya a tsakiyar faifai mai lambobi, ana karanta inuwarta, ana gyarawa yayin da rana ke tafiya. Mai lura da hanya yana rubuta kusurwa da nisan da mota ta nuna, da dare kuma a auna taurari a gyara kuskuren yini.

To, me ake nufi da kwaikwayon wannan gwaninta, kuma don me?

Ana nufin a rubuta yadda gwani ke tunani da yanke shawara ta hanyar da kwamfuta za ta iya bi. Amfaninsa uku ne: sojojin kwamfuta da ke cikin manhajojin atisaye irin su OneSAF da VBS su riƙa motsi kamar mutane, masu koyarwa su san abin da ya kamata su koyar, masu tsara farmaki su ƙiyasta lokacin da ayari zai ci da inda zai iya ɓata.

Ta yaya ake ciro abin da ke kan gwani, alhali shi kansa ba ya iya bayyana shi?

Nan ne wahalar take. Ka tambaye shi yadda ya gane hanya, zai ce kawai na gani. Gary Klein, wanda ya yi nazarin shugabannin 'yan kwana-kwana a shekarun 1980, ya nuna cewa gwani ba ya jera zaɓi yana auna su. Yakan gane yanayin a matsayin irin wanda ya saba, mafita ta farko ta zo masa, ya gwada ta a zuci, in ba ta da aibi ya aiwatar. Klein ya kuma tsara salon tambaya: a sa mutum ya ba da labarin wata tafiya takamaimai mai wuya, a jera ta bisa lokaci, a koma kan kowace mahaɗa ana tambaya, me ka gani a nan, me ka sa ran gani, da sabon shiga ne me zai yi? Masu bincike a makarantar gaba da digiri ta sojan ruwan Amurka da ke Monterey a Kaliforniya, ciki har da Rudolph Darken, sun bi wannan salo da sojojin ƙasa wajen shekarar 2000. Yau ana ƙarawa da sawun GPS da tabarau mai bin motsin ido, don a ga sau nawa mutum ke duban taswira da abin da yake kallo in ya ɗaga kai.

Ita kwamfutar yaya take zaɓen hanya?

Ana yanka ƙasa gida-gida, kowane gida da tsayinsa da irin abin da ke kansa. Sai a sa wa kowane taku farashi. Na lokaci yakan fito daga ƙa'idar William Naismith ta 1892, sa'a ɗaya ga kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane hawan mita 600, ko daga lissafin Waldo Tobler na 1993, wanda ya ba da kilomita 5 a sa'a a shimfiɗe, 6 a 'yar gangara kaɗan, a kuma ɗauki kashi uku cikin biyar in babu turba. Na ƙarfin jiki yakan fito daga lissafin Pandolf na 1977, mai haɗa nauyin mutum, nauyin kaya, sauri, gangara da irin ƙasa: kwalta 1.0, sarƙaƙiya 1.5, fadama 1.8, yashi mai laushi 2.1. Sai farashin fallasa, wato gidaje nawa ne abokin gaba zai hango daga inda ake zaton yana zaune. Daga nan wata dabarar lissafi ta neman hanya, kamar ta Dijkstra ta 1959 ko wadda ake kira A* ta 1968, ta nemo hanya mafi arha.

In haka ne ai an gama. Me ya rage?

Abin da ya rage shi ne mafi muhimmanci. Sojan kwamfuta irin wannan ya san inda yake ɗari bisa ɗari, ba ya ɓata, don haka ba ya buƙatar abin dafawa ko kaucewar gangan. Zai ratsa tsakiyar kurmi a miƙe inda babu gwanin da zai bi. Gwani yakan yarda ya ƙara kilomita guda don ya bi hanyar da zai iya tabbatar da kansa a kai.

Kwaikwayo mai kyau sai ya raba abu biyu: inda sojan yake a zahiri, da inda yake zaton yake. Hanya ɗaya ita ce a watsa ɗigo dubu a taswira, kowanne hasashe ne na matsayinsa. Duk taku, kowane ɗigo ya matsa da ɗan kuskuren kusurwa da na nisa, sai tarin ya yi ta bajewa. Da ya tsallaka ƙorama, ɗigon da ba sa kusa da ƙorama su mutu, tarin ya tsuke. In ƙoramu biyu ne masu kama, tarin ya rabu gida biyu, kuma sojan na iya zaɓar na kuskure, daidai yadda mutum ke yi. Da wannan tsari ana iya sa farashin rashin tabbas a cikin zaɓen hanya, sai dabarun gwanaye su fara fitowa da kansu. Ana kuma iya ƙera kurtu: a ba shi kuskuren taku mai yawa, a sa ya riƙa watsi da shaidar da ta saɓa wa zatonsa. Tsare-tsaren kwaikwayon tunani irin su ACT-R na John Anderson da Soar na John Laird da Allen Newell da Paul Rosenbloom suna ƙara iyakar abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda, da mantuwa.

Mutum zai iya koyon gane hanya a gaban kwamfuta kawai?

Wani ɓangare. A gwajin da Darken da William Banker suka wallafa a 1998, an shirya mutane ta hanya uku kafin a sake su a daji: taswira kaɗai, taswira da dajin kwamfuta, taswira da zagaya ainihin wurin. Gwanintar da mutum ya zo da ita ta fi salon shirin tasiri, kuma masu matsakaicin iyawa ne suka fi amfana da kwamfutar. Allo yana koyar da haɗa layukan tsayi da siffar ƙasa, amma ba ya koya wa ƙafa tsawon mita ɗari, ba ya kuma ɗora wa mutum kilo 30 da rashin barci.

A ina waɗannan manhajoji suka fi yin kuskure?

A bayanan ƙasa. Awon tsayi da kumbon Endeavour ya tattaro a Fabrairun 2000, wanda har yau ake yawan amfani da shi, gidansa kimanin mita 30 ne. Kwazazzabo mai faɗin mita biyar da zurfin mita uku, wanda zai tsayar da ayari rabin sa'a, ba ya fitowa a ciki sam. A kurmi kuma awon yakan kama saman bishiyoyi maimakon ƙasa. Sai yanayi: fadamar da ake ratsawa da takalmi busasshe a watan Maris ta zama tafki a Agusta, ciyawar da ba ta kai idon sawu ba ta rufe mutum har kai, nisan gani ya sauko daga kilomita zuwa 'yan mita. Manhajar da aka daidaita da dazuzzukan North Carolina sai an sake auna mata saurin tafiya, nisan gani da kuskuren taku a ƙasar da za a yi aiki, rani dabam damina dabam, kafin a amince da lokacin da ta ce ayari zai isa.